Malam Dayyabu da Masu Neman 'Yar Jatau

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari can gefen daji, tun zamanin da keke yake abin hawan manya. Ba zan kama sunan garin ba. Sunan wannan bawan Allah Malam Dayyabu, kuma shi ne hedimastan makarantar firamare ta garin. Ku matso ku saurara, na bayan nan ku rage hira. Yau ba labarin jarumi na kawo muku ba, labarin matsoraci ne.

Eh, matsoraci na ce. Malam Dayyabu in yana tafe a kan kekensa ya hango kare kwance a bakin hanya, sauka yake yi ya tura keken ta cikin gona ya zagaye. In hadari ya haɗo aka yi tsawa, sai ka ga alli ya suɓuce daga hannunsa. In aka ce masa Sakataren Ilimi na gunduma yana nemansa a ofis, ranar ko kunu ba ya wuce masa a wuya. Kowa ya san shi da wannan, shi ma bai taɓa musu ba. In abokan aiki suka tsokane shi suka ce matsoraci ba ya zama gwani, sai ya yi murmushi ya ce, "Ni dai haka Allah Ya yi ni."

Tun yana saurayi ya kama koyarwa, fitowarsa daga kwalejin horon malamai ke da wuya. Gundumar tasu faɗi gare ta, makarantunta a warwatse. Wasu suna cikin gari, inda akwai famfo da rufin kwano. Wasu suna ƙauyukan da in damina ta sauka sai mutum ya ɗora kayansa a ka ya tsallake rafi. To kun san yadda ake rabo, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Shi Malam Dayyabu ba shi da kowa a ofis, ba shi kuma da bakin roƙo. Makarantarsa ta farko gindin tsamiya ce, allo a jingine da kututture, yara a zaune a ƙasa. Daga nan aka tura shi wani ƙauye da malamai suke gudu saboda kunama da wahalar ruwa. Ya je. Daga nan aka ce akwai wata makaranta bayan dutse da ta mutu, iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun mayar gona. Ya je, ya bi gida gida yana durƙusawa a zaure, har ajin ya sake cika. Duk inda aka rasa mai zuwa, sai a ce a tura Dayyabu, ai ba zai ce a'a ba. Kuma bai taɓa cewa ba.

Sai da furfura ta fito masa a gemu aka ba shi hedimasta. Makarantar da aka ba shi kuwa ita ce ta ƙarshe a gundumar, daga ita sai daji.

Muƙamin bai canza masa komai ba. Da sassafe shi yake fara isa, ya ɗauki tsintsiya ya share bakin azuzuwa kafin yara su zo. An ce wata rana wani sabon mai duba makarantu ya iso a kan babur, ya tarar da tsoho yana shara, sai ya ce, "Baba, riƙe mini babur ɗin nan, in kafe shi ka kira mini hedimasta." Malam Dayyabu ya riƙe, aka kafe, ya kai baƙo ofis, ya kawo masa ruwa, sannan ya zagaya ya zauna a kujerar ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni." Shi da kansa kunya ta kama shi, kamar shi ya yi laifin.

Wuri ɗaya kawai muryarsa take da ƙarfi, wato filin taron safe. Kullum sai ya tara yaran nan sahu sahu. In ya ce "Kowa ya zauna!" sai ka ji rim. In ya ce "Kowa ya tashi!" sai ka ga sun miƙe kamar igiya ɗaya aka ja. Ya san kowane yaro da sunansa da sunan ubansa. Autansa ma, Safiyanu, yana nan aji biyu, kuma an hore shi cewa a makaranta babu Baba, sai Malam.

To ku saurara, ga inda fitinar ta samo asali.

A garin akwai wani dillalin shanu ana ce masa Jatau. Wata ranar kasuwa aka shigo da shanu, Jatau ya duba ya gane na sata ne, ya san mai su. Bai yi shiru ba. Aka kama wanda ya kawo su, aka je gaban alƙali, Jatau ya tsaya ya ba da shaida. Aka ɗaure ɓarawon, ciwo ya kama shi a kurkuku, ya mutu a can. Ashe yana da wa, wani ɗan fashi da ake kira Mai-Tabo, wanda ko sunansa in za a faɗa a yankin sai an waiwaya. Mai-Tabo ya aiko a gaya wa Jatau cewa ba zai kashe shi ba. Ya ce yadda aka raba uwarsu da ɗanta, haka zai raba Jatau da abin da ya fi so, ya bar shi da rai ya ji yadda ake ji.

Jatau kuwa 'ya ɗaya Allah Ya ba shi, Barira, tana aji biyar a makarantar Malam Dayyabu.

Da labarin ya kai kunnen Malam Dayyabu, sai ya dubi makarantarsa da idon da bai taɓa dubanta da shi ba. Tana bayan gari, nesa da gidaje. Babu katanga, babu maigadi. Gonakin dawa sun kewaye ta, ga damina ta yi nisa, dawa ta yi tsawon da take shanye mutum. Ya hau kekensa ya yi tafiyar wuni zuwa ofishin ilimi na gunduma, ya tsaya gaban Sakatare yana murza hula a hannu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, makarantar nan tamu a buɗe take ta ko'ina. Ga kuma maganar da ake yi a gari. Ko da maigadi ɗaya ne a taimaka mana, ko a bar mu mu koma zauren dagaci har a yi girbi."

Sakatare ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Malam Dayyabu, har yau ba ka rabu da tsoron nan naka ba? Wane ɓarawon shanu ne zai zo satar alli? Koma bakin aikinka. In na ɗauke makaranta don jita-jita, gobe duk hedimastocin gundumar nan sai su zo mini da tasu."

Ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya fito.

Da ya dawo bai wuce gida ba, sai gidan Jatau. Ya ce masa, "Malam Jatau, da ka bar yarinyar nan a gida, har ƙura ta lafa."

Jatau ya ce, "Malam, a gida wa zai tsare ta? Ni ina kasuwa, uwarta tana gona, unguwa ba kowa sai tsofaffi da awaki. A wurinka tana cikin jama'a. Wallahi hankalina ya fi kwanciya in tana hannunka. Amana ce na ba ka."

Jama'a, kun ji kalmar da ya faɗa? Amana. Malam Dayyabu ya so a ce bai ji ta ba. Amma ya ji, kuma ya amsa. Ya ce, "Allah Ya ba ni ikon riƙewa." Daga ranar bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Yana cikin darasi, iska ta kaɗa karan dawa, sai ya tsaya ya leƙa taga. Ya rame, matarsa Gambo ta yi tambaya har ta gaji.

Ranar da abin zai faru, kasuwar wani gari ce take ci, mazan gari da yawa sun tafi, sauran suna gona. Hantsi ya ɗaga, an kusa sakin yara su ci abinci. Ladi mai ƙosai ta riga ta kafa kaskonta a bayan azuzuwa. Malam Dayyabu yana aji shida yana rubutu a allo, sai ya ji ajin ya yi tsit. Ba irin shirun da malami yake sa yara ba, wani shiru ne daban. Ya juya. Mutum ne tsaye a bakin ƙofa, da bindiga a kafaɗa.

Su kaɗan ne, ba su wuce yatsun hannu ba, amma kowanne da makami. Daga cikin dawa suka ɓullo, ba wanda ya ji zuwansu. Suka kora kowa fili, yara da malamai, suka ce a zauna a ƙasa. Sai babbansu ya tako tsakiya, dogo, siriri, da tabo tun daga kunne har haɓa, da adda tsirara a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ai da ya yi ihu ma da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Ban zo don ku ba. Mutum ɗaya nake nema. Wace ce Barira 'yar Jatau dillali?"

Ba wanda ya motsa. Shi baƙo ne a garin, sunan yarinyar ya sani, bai san fuskarta ba. Tana nan zaune a tsakiyar 'yan aji biyar, kanta a sunkuye, kuma duk yaron da ke filin nan ya san inda take.

Mataimakin hedimasta, wani matashi Malam Lurwanu, ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ba ta zo ba yau. Tana gida, ba ta da lafiya."

Kada wani ya ce ya yi ƙarya. Malamanmu sun karantar da mu cewa maganar da za ta tsare ran wanda ake zalunta ba a rubuta ta a zunubi. Ya yi abin da ya dace. Sai dai bai yi amfani ba. Mai-Tabo ya ɗaga gira, ɗaya daga cikin mutanensa ya maka wa Malam Lurwanu gindin bindiga a baki, ya faɗi yana tofar da jini.

Mai-Tabo ya ce, "Tun asuba mutumina yake kan bishiya, an nuna masa gidan, ya hango fitowarta daga nesa cikin ƙawayenta, ya ga sun shigo nan. Wanda ya sake yi mini ƙarya ba zai sake magana ba."

Sai ya fara bin sahu a hankali, yana duban fuskokin yara. Ya nufi ƙanana, 'yan aji ɗaya. Ku yi tunani, jama'a. Ba sai yaro ya buɗe baki ba. Ɗan shekara shida ya juya kai kawai, ya kalli wajen da take, magana ta ƙare. Malam Dayyabu ya ga wata 'yar ƙarama ta fara karkata wuya.

Nan take ya miƙe. Ya ce, "Yara, kowa ya dube ni. Ni kaɗai. Kada wanda ya juya."

Idanu suka dawo kansa gaba ɗaya, kamar yadda suka saba kowace safiya.

Mai-Tabo ya juyo ya ce, "Kai ne wa?"

"Ni ne hedimasta. Bawan Allah, ka bar yaran nan, ba su san komai ba. Ni za ka tambaya."

"Ka san ta?"

"Na san ta."

"To nuna ta."

"Ba zan nuna ba."

Da ƙyar maganar ta fito, kamar ta mai zazzaɓi. Mai-Tabo ya tako har numfashinsa yana dukan fuskar tsohon. Ya sassauta murya yadda ba mai ji sai su biyu. Ya ce, "Tsoho, na ga jikinka yana rawa. Ba ka son mutuwa, ni ma ba na son jininka. Ba sai ka yi magana ba, ba sai ka ɗaga hannu ba. Ka kai idonka inda take, ka ɗauke. Ba wanda zai sani. Gobe ka ce ni na gano ta da kaina."

Ku saurara da kyau, don a nan Shaiɗan yake zuwa wa kowannenmu. Ba ya ce maka ka yi babban laifi a bainar jama'a. Cewa yake yi, ɗan kallo ne kawai, wa zai sani? Malam Dayyabu ya faɗa daga baya cewa idonsa da kansa ya fara ja zuwa wajen 'yan aji biyar, kamar ana jansa da zare. Sai ya runtse ido gam, ya ce, "Allah zai sani."

Mai-Tabo ya ja da baya. Ya ce, "To shi ke nan. Tunda yara ka fi so, bari mu gani." Ya miƙa hannu cikin sahun gaba ba tare da ya zaɓa ba, ya finciko wani yaro ta wuyan riga, ya ɗaga shi sama. Yaron ya ƙwala ƙara ya ce, "Baba!"

Safiyanu ne. Tsoro ya mantar da shi horon da aka yi masa.

Mai-Tabo ya dubi yaron, ya dubi tsohon, sai murmushi ya ja tabon fuskarsa. Ya ce, "Ashe rabona ne. Naka ne?"

A gaban ɗalibansa, a gaban malamansa, wandon Malam Dayyabu ya jiƙe har ƙasa. Ban faɗi wannan don ku yi dariya ba. Na faɗa ne don ku san wane irin mutum ne yake tsaye a wurin.

Mai-Tabo ya durƙusar da yaron, ya ɗora masa kaifin adda a wuya. Ya ce, "Yanzu ciniki ya yi sauƙi. 'Yar Jatau ko ɗanka."

"Ka ɗauke ni. Don Allah ka ɗauke ni, ka yi yadda ka ga dama da ni."

"Me zan yi da tsoho? Zaɓi."

Safiyanu yana kallon ubansa, bakinsa yana motsi, kuka ma ya ƙi fita. Uban yana kallonsa. Iyaye da ke wurin nan, ba sai na fassara muku ba. Ɗan da ka yi wa huɗuba a kunne, ɗan da ka samu bayan ka fid da rai. Ga kuma 'yar wani, wadda kallo ɗaya ya isa. Malam Dayyabu yana ta maimaita sunan Allah, bai ce wannan ba, bai ce waccan ba.

Ana cikin haka sai ya hango motsi ta gefen idonsa. Barira ce. Yarinyar ta kasa jurewa. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta fara ɗagowa za ta miƙa kanta. Ƙawarta ta riƙe mata zane, ta fizge. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya fara juyowa wajen.

Sai aka ji muryar nan ta taron safe ta tsaga filin.

"Kowa ya tashi!"

Makaranta gaba ɗaya ta miƙe. Babba da ƙarami, ba wanda ya tsaya tunani, jiki ne ya saba. Barira ta ɓace a cikinsu kamar ƙwayar gero a masussuka. Kukan da yaran suke ta dannewa kuwa ya ɓalle a lokaci guda, filin ya ɗauka.

Mai-Tabo ya gane an yi masa wani abu, bai dai san ta ina ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ɗaga addar sama a kan yaron. Mutumin nan da yake zagaye kare ya yi tsalle ya faɗa kan ɗansa, ya tare da hannun dama. Addar ta sauka tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ta kai ƙashi. Aka ƙara masa wata a kafaɗa. Bai ɗaga ba, ya dai rufe yaron da ƙirjinsa.

Da an ƙara ta uku da labarin ya ƙare a nan. Amma Allah Ya riga Ya shirya nasa. Ladi mai ƙosai, tun shigowarsu ba su gan ta ba, ginin azuzuwa ya kare ta. Ta bar kasko a wuta, ta ja ciki ta shige dawa, sai da ta yi nisa ta miƙe tana gudu tana kururuwa gona gona. A daidai wannan lokaci ihu ya taso daga gabas, ya taso daga kudu, aka ji ƙarar bindigar maharba. Manoma ne, da fartanya da gatari, har da mata da taɓare. Wanda 'yan fashin suka ajiye yana duba musu hanya ya yi fito. Mai-Tabo ya tsaya ya ƙare wa yaran kallo, ya tofa yawu, ya ce wa tsohon da ke kwance cikin jini, "Ni da kai ba mu gama ba." Dawa ta haɗiye su.

A kan amalanken shanu aka kai Malam Dayyabu asibitin gunduma. Ya rayu, amma hannun bai sake moruwa ba, ya shanye, yatsun suka lanƙwashe. Hannun alli ke nan. Jatau ya zo ya durƙusa a gaban gadonsa, yana ta zubar da hawaye. A makon nan ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar gaba ɗaya.

Kada ku ɗauka daga nan sai daɗi. Da Malam Dayyabu ya dawo gida, sai ya tarar Safiyanu ya daina magana. In uban ya shigo ɗaki, sai yaron ya koma bayan uwarsa. Wata rana Gambo tana wanke masa ciwon, ta yi tambayar da ta daɗe tana ci mata rai.

Ta ce, "Malam, an sa wa ɗanka wuƙa a wuya, aka ce ka zaɓa. Ka yi shiru. Da mutane ba su zo ba fa?"

Ya ce, "Gambo, ban san amsar da za ta sanyaya miki rai ba. Ni ma tambayar ba ta barina in runtsa. Abin da na sani, da safen nan uwar Barira ta sako ta hanya ta zo wurina, kamar yadda kika sako shi. Da na nuna ta, da na dawo miki da ɗanki lafiya, amma da ba ni ne na dawo ba."

Ba ta ce ta gamsu ba. Ta dai ci gaba da wanke ciwon. Sai da aka yi girbi aka sake wata shuka kafin yaron ya koma zama kusa da ubansa.

Sakataren Ilimi ya zo da kansa, ba dariya a bakinsa wannan karon. Ya ce, "Malam Dayyabu, mun yi kuskure. An yanke shawara a dawo da kai babbar makarantar cikin gari. Ga gida, ga asibiti kusa, ga 'yan sanda. Mutumin nan ya ce bai gama da kai ba, kuma har yau ba a kama shi ba."

Abin da bai taɓa samu ba tun yana saurayi, ga shi an kawo masa har gida. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Wallahi raina yana so. Amma tun ranar nan ba yaron da ya sake taka makarantar. In suka ji ni ma na gudu, ta mutu ke nan, kuma ba wata kusa. A yi mana katanga dai, a bar ni."

Aka bar shi. Iyalinsa ya tura wurin danginsu na wani lokaci, shi ya zauna. Kowace safiya sai ya tafi makarantar nan da ba kowa a ciki, ya buɗe azuzuwa, ya zauna a gaban allo yana koyon rubutu da hannun hagu kamar ɗan aji ɗaya. Kuna tsammani tsoron ya tafi? Ƙaruwa ya yi. Ko kaza ce ta yi motsi a cikin kara sai zuciyarsa ta yanke. Mai-Tabo ba a taɓa kama shi ba, ba a kuma ji mutuwarsa ba, don haka Malam Dayyabu bai taɓa samun ranar da zai ce yau na huta ba. Manoma masu wucewa suna ganinsa ta taga, shi kaɗai. Har wani ya ji kunya ya kawo ɗansa, wani ya bi bayansa. Sannu sannu filin ya sake cika. A makarantar ya ƙare aikinsa, a garin aka binne shi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa hannun nan ya riga shi shiga Aljanna.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Tsoro ba zunubi ba ne. Allah ne Ya halicce shi a ƙirjinmu. Zunubin shi ne ka sayar da amana don tsoro ya sake ka. Mai tsoron Allah na gaskiya ba shi ne wanda ba ya jin tsoron mutane ba, shi ne wanda in tsoro biyu suka haɗu a zuciyarsa, na Allah yake rinjaya.

Kuma kada wani ya ce ai ni ba hedimasta ba ne. Kai direba, fasinjan da suka shiga motarka, iyalinsu sun ba ka su ne. Kai mai shagon magani, matar da ta miƙo maka hannu ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba, kai ka sani. Ke da maƙwabciya ta bar wa goyo ta tafi awo, kai da aka ba wa ɗan mutane koyon ɗinki, kai da abokinka ya gaya wa sirrinsa. Ba wanda yake zaune a wurin nan hannunsa babu kayan wani.

Yawancinmu ba za a taɓa sa mana adda a wuya ba. Abin da ake tsorata mu da shi bai kai haka ba, fushin maigida ne, ko kada a ce ba ka da kirki, ko kada ciniki ya wuce ka. A kan ɗan wannan muke sakin abin da aka damƙa mana. Wanda ya saki amana don an ɗaure masa fuska, me zai yi ranar da aka zare masa makami? Ba a koyon iyo ranar da kogi ya kawo. Ka riƙe ƙaramar yau, ka riƙe ta gobe, don babbar ba ta yin sallama in za ta zo.

Kowa ya tambayi kansa kafin ya kai ƙofar gidansa: me aka ba ni riƙo, kuma a wane hali yake? Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a inda muke gani da inda ba ma gani. Allah Ya saka wa malamansu da alheri. Allah kada Ya jarrabe mu da abin da ya fi ƙarfinmu, in kuwa jarrabawar ta zo, Ya tabbatar da dugaduganmu ko da gwiwa tana rawa. Ku ce amin.